Gajiyar da ba ta jin hutu: Abubuwan da ke haddasa ta

Gajiya na daga cikin ƙorafe-ƙorafen da likitoci suka fi ji daga bakin masu zuwa asibiti, a ƙasashe masu arziki da ma matalauta.

Gajiyar da ke biyo bayan wunin aiki a gona ko kasuwa ko ofis ba abin damuwa ba ce, domin barcin dare ɗaya ko biyu kan gusar da ita.

Wadda masana kiwon lafiya ke jan hankali a kanta ita ce mai ɗaukar makonni, inda mutum zai riƙa wayar gari jikinsa a mace, ya kuma kasa ayyukan da a da yake yi cikin sauƙi.

Likitoci na ɗaukar irin wannan gajiya a matsayin alama ce ta cewa wani abu na damun jiki. Abin kuwa yakan kasance ɗaya daga cikin uku: yadda mutum ke tafiyar da rayuwarsa, ko wata cuta da ba ta bayyana ba, ko kuma damuwar da ke cin rai. Sau da yawa biyu daga ciki ko ma duka ukun kan haɗu a kan mutum guda.

Gajiya iri-iri ce

Kalmar gajiya ta ƙunshi abubuwa daban-daban, kuma abu na farko da likita kan yi shi ne rarrabe su.

Akwai mai yawan gyangyaɗi, wanda da zarar ya zauna a mota ko a wurin taro sai barci ya kwashe shi. Wannan yakan nuna cewa matsalar tana tattare da barcinsa na dare.

Akwai mai fama da kasala, wanda ba barci yake ji ba, amma ba shi da karsashin yin komai, kuma tunaninsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Akwai kuma wanda ɗan aiki kaɗan ke sa shi haki, ko wanda gaɓoɓinsa suka yi rauni har ya kasa ɗaga abin da ya saba ɗagawa. Waɗannan alamu sun fi karkata ga jini, ko zuciya, ko huhu, ko jijiyoyi.

Bashin barci

Rashin isasshen barci na kan gaba a jerin abubuwan da ke jawo gajiya a tsakanin mutanen da lafiyarsu ƙalau.

Ƙungiyoyin masana barci a Amurka sun bayar da shawara a shekara ta 2015 cewa baligi ya riƙa samun barcin aƙalla sa'o'i 7 a kowane dare. Matasa 'yan shekaru 13 zuwa 18 kuwa suna buƙatar sa'o'i 8 zuwa 10.

Abubuwa biyu ne ke tsara barcin ɗan Adam. Na farko wani sinadari ne mai suna adinosin, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke. Yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi, barci kuma shi ke rage shi.

Na biyu shi ne abin da ake kira agogon jiki, wanda ke zagayawa cikin kimanin sa'o'i 24, yana bin haske da duhu. Wasu masana kimiyya uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami kyautar Nobel a shekara ta 2017 saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Barcin da aka tauye yana taruwa tamkar bashi. A wani bincike da aka wallafa a shekara ta 2003, masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun taƙaita barcin wasu mutane zuwa sa'o'i 6 a kowane dare har tsawon makonni biyu.

A ƙarshen lokacin, kaifin tunaninsu ya ragu har ya kusanci na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba. Amma su mutanen ba su ankara da girman raunin da suka yi ba, suna ganin sun riga sun saba.

Wani binciken da aka yi a Ostireliya a shekara ta 1997 ya gano cewa wanda ya shafe sa'o'i 17 a farke, saurin hankalinsa kan ragu daidai da na wanda barasar da ke jininsa ta kai iyakar da dokar tuƙi ta gindaya a ƙasashe da dama. Wannan gargaɗi ne musamman ga direbobin da ke tafiyar dare.

Masu aikin dare, irin su ma'aikatan jinya da masu gadi da masu gasa burodi, suna barci ne a lokacin da agogon jikinsu ke umartar su da su farka, shi ya sa barcinsu na rana ba ya kai na dare tsawo ko nauyi.

Wayar salula ma ta shigo cikin lissafi. Hira da kallon bidiyo a kan gado na jinkirta lokacin kwanciya, haske mai ƙarfi da daddare kuma na jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi.

Haka nan a watan azumi, tashin sahur da tsayuwar dare kan rarraba barci, abin da ya sa ɗan rintsawa na minti 20 zuwa 30 da rana ke da amfani. Barcin rana mai tsawo, musamman bayan la'asar, yakan hana na dare zuwa da wuri.

Minshari mai yanke numfashi

Wasu kan kwanta sa'o'i takwas cur, amma su tashi kamar ba su runtsa ba. Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne toshewar maƙogwaro a cikin barci.

Naman da ke bayan maƙoshi yakan saki ya rufe hanyar iska, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa goma ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da mutum domin ya ja iska. Hakan na iya faruwa sau da dama a cikin sa'a guda ba tare da mai barcin ya sani ba.

Galibi abokin kwana ne ke lura da minshari mai ƙarfi, da shirun da ke biyo baya, da kuma zabura kamar wanda aka shaƙe.

Wani ƙiyasi da aka wallafa a shekara ta 2019 ya nuna cewa mutane kusan miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne ke da wannan matsala a duniya. Ta fi kama masu ƙiba da maza, kuma tana da alaƙa da hawan jini.

Goro, shayi da kofi

Goro da ganyen shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin.

Abin da wannan sinadari ke yi shi ne toshe wuraren da adinosin ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, ta yadda saƙon gajiya ba zai isa ba. Gajiyar tana nan daram, kuma da zarar ƙarfin sinadarin ya ragu sai ta dawo.

Jiki kan ɗauki kimanin sa'o'i biyar kafin ya kawar da rabin abin da aka sha, ko da yake wannan ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ke nan shayi mai kauri da aka sha a majalisa bayan isha'i yana nan a jini har tsakar dare.

Wani bincike da aka yi a Amurka a shekara ta 2013 ya nuna cewa shan miligiram 400 na kafeyin sa'o'i shida kafin kwanciya ya rage tsawon barci da fiye da sa'a guda.

Ta haka mutum ke faɗawa cikin wani zagaye: barci ya ƙaranta, gari ya waye a gajiye, a ƙara goro ko shayi, dare ya yi barci ya sake ƙaranta.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a shekara ta 2015 miligiram 400 a rana, wato kimanin kofi huɗu na gahawa, ba ya cutar da baligi mai lafiya. Ga mace mai juna biyu kuwa, iyakar ita ce miligiram 200.

Barasa kan kawo barci da wuri, amma tana wargaza shi a kashi na biyu na dare. Sinadarin nikotin da ke cikin taba da shisha shi ma yana hana barci yin nauyi.

Abinci, ruwa da zafin rana

Tsallake karin kumallo, sannan a cika ciki da abinci mai nauyi da rana, na daga cikin abubuwan da ke kawo mutuwar jiki bayan azahar.

Farin burodi da shayi mai yawan sukari da lemon kwalba kan ɗaga sukarin jini da sauri, ya kuma sauka da sauri, yunwa da kasala su biyo baya. Abincin da ya haɗa hatsi irin su gero da dawa tare da wake, ko gyaɗa, ko ƙwai, ko nono, ya fi daɗewa yana riƙe mutum.

Ƙarancin ruwa a jiki, ko da kaɗan ne, yakan kawo kasala da ciwon kai. A lokacin bazara, zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a birane irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma mai aiki a cikin rana na iya zubar da gumin da ya haura lita guda a cikin sa'a ɗaya.

Launin fitsari ma'auni ne mai sauƙi: idan ya yi duhu sosai, jiki na neman ƙarin ruwa.

Akwai kuma haɗarin hayaƙin janareto ko garwashin da aka kunna a rufaffen ɗaki. Iskar gubar da ke fita daga gare su ba ta da launi ko wari, kuma alamunta na farko su ne ciwon kai da jiri da kasala. Idan mutanen gida ɗaya suka riƙa tashi da waɗannan alamu tare, to a gaggauta duba inda aka ajiye injin, domin wannan iska tana kisa.

Zama wuri ɗaya da yawan aiki

Rashin motsa jiki na rage ƙarfin zuciya da tsokoki, har ya kai ga ɗan aiki kaɗan ya zama jidali.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayar da shawara a shekara ta 2020 cewa baligi ya riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiya da sauri ta rabin sa'a, sau biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin wannan adadi.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a shekara ta 2022, kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, wato mutane kusan biliyan 1.8, ba sa kai wannan mizani.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda aiki ya yi wa yawa. Wani rahoton haɗin gwiwa na WHO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, da aka fitar a shekara ta 2021, ya danganta mutuwar mutane dubu 745 a shekara ta 2016 da yin aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Ƙarancin jini

Idan aka koma ga cututtuka, ƙarancin jini na daga cikin waɗanda likita kan fara nema, musamman a jikin mata da yara.

Jajayen ƙwayoyin jini na ɗauke da wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke kai iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Idan ya yi ƙasa, tsokoki da ƙwaƙwalwa ba sa samun iskar da ta ishe su, zuciya kuma ta ƙara gudu domin cike giɓin.

A ma'aunin WHO, ana cewa namiji baligi na da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowace desilita ta jini, mace kuma idan ya gaza 12. Ga mai juna biyu adadin ya ɗan fi haka ƙasa.

Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 matsalar ta shafi kashi 30 cikin ɗari na mata masu shekaru 15 zuwa 49 a duniya. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekara ta 2018 ya gano ta a jikin kashi 58 cikin ɗari na matan da ke wannan rukuni, da kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekaru biyar.

Babban sababinta shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ke faruwa saboda rashinsa a abinci, ko yawan zubar jinin haila, ko haihuwa kusa da kusa. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, tsutsar ciki da tsargiya kuma suna zuƙe jini a hankali. Cutar amosanin jini, wato sikila, ita ma tana haddasa ta.

Hanta da nama da kifi su ne suka fi bayar da sinadarin ƙarfen da jiki ke saurin karɓa. Akwai shi kuma a wake da zogale da alayyafo, kuma cin su tare da lemu ko gwaiba ko tumatir na taimaka wa hanji ya tsotse shi. Shan shayi tare da abinci kuwa yana rage abin da hanjin ke tsotsa.

Wasu cututtukan

Ciwon sukari na sa gajiya domin sukarin da ke yawo a jini ba ya shiga ƙwayoyin jiki yadda ya kamata. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari, musamman da dare, da rama, su ne alamun da ke rakiyarta. WHO ta ce masu wannan ciwo sun ƙaru daga miliyan 200 a shekara ta 1990 zuwa miliyan 830 a shekara ta 2022.

A gaban wuya akwai wata 'yar halitta mai suna tayirod, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Ita ce ke tsara saurin da jiki ke sarrafa abinci. Idan aikinta ya yi rauni, mutum kan yi kasala da jin sanyi da ƙiba da bushewar fata. Matsalar ta fi yawa a tsakanin mata.

Tarin fuka, da cutar ƙanjamau, da ciwon hanta, da ciwon ƙoda, da raunin zuciya, da wasu nau'o'in ciwon daji, duk suna iya farawa da gajiya kafin sauran alamu su fito fili. A watanni ukun farko na juna biyu ma mata da yawa kan ji matsananciyar kasala.

Wasu magunguna, kamar na mura da ƙaiƙayi masu sa barci da wasu na hawan jini, su ma suna kashe jiki. Likitoci na gargaɗin kada a daina shan maganin da aka rubuta sai an tuntuɓi wanda ya rubuta shi.

Damuwa

Ciwon damuwa yakan bayyana a jiki kafin mai shi ya gane cewa a zuciya abin yake. Mutum zai je asibiti da kukan kasala, da ciwon jiki, da rashin barci, alhali tushen matsalar baƙin ciki ne da ya daɗe.

Wasu masana a Jamus da suka tattara sakamakon bincike-bincike a shekara ta 2016 sun gano cewa, a cikin masu zuwa wurin likita da kukan gajiya, kimanin kashi 18 cikin ɗari ciwon damuwa ne ke damunsu, yayin da masu wata babbar cuta ta jiki ba su kai kashi biyar ba. Sai dai a yankunan da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suka yi katutu, lissafin kan bambanta.

Alamun da ake dubawa sun haɗa da ɓacin rai ko yanke ƙauna a mafi yawan ranaku har tsawon makonni biyu, da daina jin daɗin abubuwan da a da ake so. Ciwo ne da ke da magani.

Akwai kuma wata lalura ta daban da ake kira ciwon gajiya mai naci, wadda ke ɗaukar watanni ko shekaru. Babbar alamarta ita ce, ɗan aiki kaɗan kan kwantar da mutum na kwana ɗaya ko fiye. An ga makamancin haka a jikin wasu da suka warke daga cutar korona bayan shekara ta 2020. Ga masu wannan lalura, tilasta wa jiki motsi na iya ƙara tsananta ciwon.

Haɗarin maganin gajiya

Al'ada ce a wurare da dama mutum ya tsaya a kemis ko wurin mai tallar magani ya nemi a haɗa masa maganin gajiya. Abin da ake bayarwa sau da yawa tarin ƙwayoyin kashe ciwo ne.

Magunguna irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac, idan aka daɗe ana shan su, suna iya yi wa ciki rauni ya riƙa tsiyayar da jini a ɓoye, su kuma lahanta ƙoda. Ta haka maganin da aka sha domin gajiya zai haifar da ƙarancin jinin da zai ƙara ta.

Tramadol, da wasu masu aikin ƙarfi ke sha domin su jure wahala, yana kama jiki har a kasa rabuwa da shi, kuma yana iya jawo farfaɗiya. A shekara ta 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin saboda yadda ake shan sa ba bisa ƙa'ida ba.

Maganin ƙarin jini ma yana da amfani ne ga wanda gwaji ya nuna yana buƙatarsa, da kuma mata masu juna biyu da ake ba su a wurin awo. Mai cutar sikila bai kamata ya sha ƙwayar sinadarin ƙarfe ba sai da izinin likita, kuma yawanta guba ne ga ƙananan yara.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Shawarar da likitoci kan bayar ita ce a fara da gyara abin da ke hannu: tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ajiye waya kafin hawa gado, daina goro da shayi mai kauri tun da rana, shan isasshen ruwa, tafiya a ƙasa kullum, da kwana a cikin gidan sauro.

Idan aka yi makonni biyu zuwa huɗu a kan haka gajiyar ba ta sassauta ba, to lokacin gwaji ya yi. Galibi akan fara da auna yawan jini, da sukari, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da fitsari, sannan a duba ƙoda da hanta da tayirod idan akwai buƙata.

Akwai alamun da ba a jira da su: rama ba tare da dalili ba, tarin da ya wuce makonni biyu, gumin dare, zazzaɓi mai dawowa, jini a bayan gida ko baƙin bayan gida, jinin haila mai yawa, kumburin ƙafafu, idanu su yi rawaya, ko tunanin hallaka kai.

Ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko mutuwar ɓarin jiki farat ɗaya kuwa, lamari ne na gaggawa da ke buƙatar a garzaya asibiti nan take.

Zai kuma taimaka wa likita idan mara lafiya ya zo da bayanin lokacin da gajiyar ta fara, da sa'o'in da yake barci, da kwalaye ko sunayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.